Ranar Da Kowa Ke Shiga Ruwa: Tarihin Su Da Jirgin Masunta A Ƙasar Kabi

 

Masu yawon intanet a cikinmu sun sha cin karo da hotunan mutanen Amurka zaune cikin wani ɗan siririn kwalekwale na roba mai cin mutum ɗaya, da sandar ƙugiya a hannu, suna kutsawa cikin ƙananan rafukan bakin teku. Kayak suke ce masa. Asalinsa na Inuwit ne, mutanen can ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ke rufe teku, waɗanda ke ɗinka shi da fatar dabbobin ruwa don farauta. Yau ya zama abin shaƙatawar ma'aikata. Ruwan waɗannan rafuka teku ke juya shi, ya cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, don haka lokacin da kifi ke cin ƙugiya ƙanƙane ne. Ga shi kowa Asabar da Lahadi yake da hutu, ga zafi ya koro mutane bakin ruwa. Sai a cushe a wuri ɗaya, masu jirgin inji na tayar da igiyar ruwa, kifi ya watse, rai ya ɓaci.

Taron jama'a a kan ɗan ruwa cikin ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san wannan matsala tun kafin a kafa ƙasar Amurka, kuma sun yi mata tsari. Tsarin nan da yadda ya sukurkuce a hannunmu shi ne zancenmu na yau, mu mutanen Liba, Maiyama, Jega da Aliero.

Mu ba mu da teku, amma ruwanmu ma yana cika yana janyewa, sai dai sau ɗaya a shekara. Gulbin Zamfara, wanda mu a nan muka fi sani da Gulbin Gindi, yana gangarowa ta Anka da Gummi, ya biyo ta Jega, ya je ya zuba a Gulbin Kabi, shi kuma ya kai kayansa kogin Kwara. In damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, gulbi ya tumbatsa ya malale fadama. A nan ne kifi ke yin abin da ya kawo shi. Tarwaɗa kan biyo sabon ruwa ta kutsa cikin ciyawa ta zuba ƙwai. Balli kan tattara ciyawa ya yi sheƙa kamar tsuntsu, haka ma yauni. 'Ya'yan kifi su sami wurin ɓuya da abinci a cikin fadamar har su yi ƙwari. Da kaka ta shigo ruwa ya fara ja da baya, wasu su bi shi su koma gulbi, wasu su maƙale a tafkuna da wuraren da ke da zurfi. Gaiwa kuwa tata dabarar daban ce, cikin laka take shigewa ta jira wata daminar.

To ku duba lokacin da wannan ke faruwa. An gama girbi, an kai hatsi rumbu, hannun manomi ya zama banza. Ruwa na ta ƙanƙancewa, kifi na ta matsuwa a wuri ɗaya, bazara ta kawo zafin da ke sa mutum ya so shiga ruwa ko ba kifi. In aka bar kowa da son ransa, tafkin da zai ciyar da gari wata uku sai a share shi cikin mako ɗaya, har da iyayen da za su hayayyafa baɗi.

Kafin mu zo kan maganin da aka yi wa wannan, sai mun raba masu kamun kifin gida biyu, domin yaran yanzu kan haɗa su. Akwai Sarkawa, waɗanda ruwa ne gonarsu, da shi suke kwana da shi suke tashi. Su ne masu jirgi. Masana da dama na danganta sunansu da Sorko, masuntan daular Sanwai da ke zaune a bakin Kwara wajen Gawo, kuma alaƙar Kabi da Sanwai ba ɓoyayya ba ce: Kanta da kansa cikin rundunar Askiya Muhammadu yake kafin su ɓata a kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas, wajen shekarar 1516, ya dawo ya kafa daularsa da hedikwata a Surame. Ana ba da labarin cewa Kanta yana da wani ƙaton jirgi da yake kewaya ƙasarsa da shi in ruwa ya cika. Ko labarin ya sha gishiri, yana nuna abu ɗaya, cewa sarautar Kabi da ƙafa ɗaya a ruwa aka kafa ta.

Basarke na da can ba kifi kaɗai yake nema ba. Da zago yake farautar dorina da kada da ayu, daga cikin jirgin da aka sassaƙa daga gungumen itace guda, irin su maɗaci. Mutum ɗaya ko biyu, da filafili da sandar tuƙi, a ruwan da ba a ganin ƙasansa. Wani jami'in Turawan mulki, P. G. Harris, ya buga rubutu a kan masuntan Kabi a 1942. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar fim a bakin Kwara, shi ma ya yi rubutu a 1950 a kan Sarkawan da ke barin gida su bi kogi wata da watanni suna kamu suna banda suna sayarwa. Har gobe in ƙayar kifi ta maƙale wa yaro a wuya, ko wani ya nutse ana neman gawarsa, gidan Sarkawa ake fara tunawa.

Gida na biyu shi ne sauranmu. Manomi, maƙeri, ɗan koli, almajiri, duk wanda ke da gora da homa. Ga wanda bai taɓa gani ba a cikin ƙannenmu da suka tashi a birni: gora ƙaton duma ne mai baki a sama, mutum ya kwanta a kansa da ciki yana iyo, in ya kama kifi ya jefa a ciki. Homa kuwa koma ce guda biyu, ɗaya a kowane hannu, a nutsa da su a haɗa bakinsu a ƙarƙashin ruwa. In ana neman abin da ya yi kama da jirgin mutum ɗaya na Amurkawa a ƙasar nan, to goran nan ne, kuma ba a sayo shi da dala, a bayan gida ake shuka shi. Waɗannan su ne taron. Su ne ake tsoron su afka wa ruwa gaba ɗaya.

Abin da magabata suka yi shi ne suka ba ruwa mai shi. Kowane yanki na gulbi da kowane babban tafki yana ƙarƙashin Sarkin Ruwa, shi kuma yana ƙarƙashin sarkin gari. In ruwa ya fara janyewa, akwai wuraren da ake rufewa, ba mai jefa ko ƙugiya. Sai lokacin ya yi, Sarkin Ruwa ya duba ya ga kifi ya ƙosa, a sa rana, a yi shela a kasuwanni, garuruwan maƙwabta su ji. Ran nan ne ake fashin ruwa. Jama'a su yi sahu a bakin gaɓa, ba mai sa ƙafa sai an ba da izini, sannan a ruɗuma gaba ɗaya. Wannan shi ne su. A yini ɗaya a kwashi abin da za a kwasa, a fitar da rabon sarki da na masu ruwa, gobe kuma a nufi tafkin wani gari. Haka za a yi ta zagayawa har ruwan sama ya sauko kowa ya koma gona.

Dubi hikimar da ke ciki. Ba a hana talaka ruwa ba, rana aka sa masa. Da yake kowa lokaci ɗaya yake shiga, mai ƙarfi bai riga mai rauni ba. Da yake homa ce a hannun mutane, idonta kuma mai faɗi ne, ƙananan kifi na zurarewa. Wurare masu zurfin gaske kuwa, inda mai gora ba ya iya kai wa ƙasa, sun zama mafakar manyan kifi. Ga kuma zumunci, domin ranar su ranar haɗuwa ce, da kiɗa da ciniki da ganin dangi.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Abin da ya riƙe wannan doka ba ilimin kiwon kifi kaɗai ba ne, tsoro ne. A tsohuwar al'adar Kabawa, kafin fashin ruwa akwai gyaran ruwa, inda ake yanka don neman yardar iskokin da aka yi imani suna zaune a ciki, kamar yadda ake gyaran gari da shan kabewa a tudu. Wanda ya saci ruwan da aka rufe, ba tarar sarki ce ta fi damunsa ba, abin da zai ja ƙafarsa a ƙarƙashin ruwa yake tsoro. Malamai sun yaƙi wannan, kuma ƙasarmu na tsakiyar wannan yaƙi tun farkonsa: Gimbana, garin Malam Abdussalami da harin da aka kai masa ya zama ɗaya daga cikin musabbaban hijirar Shehu a 1804, nan kusa da Jega take, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega. Mu a ƙarƙashin Gwandu muka tashi. Ba mai kewar yanka wa aljanu a cikinmu. Amma a ganinmu an yi asara a wani wuri: da aka tumɓuke tsoron iskoki, ba a dasa wani abu mai ƙarfinsa a gurbin ba, alhali akwai shi a hannu. Shari'a ta san hurumi, wato wurin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, kuma Malam Abdullahin Gwandu ya yi bayaninsa a littafinsa na hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi. Rufe tafki wata huɗu don kifi ya girma bai buƙatar baƙin bunsuru.

Yanzu sai Argungu, domin duk wanda aka ce masa su, can hankalinsa ke tafiya. Bayan Birnin Kabi ta faɗi hannun masu jihadi a 1805, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun koma Argungu, aka shafe mafi yawan ƙarnin ana gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yan shekarun da ake kira Lafiyar Toga. Fadamar da muke magana a kanta ita ce ta zame musu ganuwa, domin doki ba ya sukuwa a cikin laka. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya rasa abin da zai tarbe shi da shi wanda ya fi nuna ko su wane ne Kabawa, sai ya sa aka yi masa su. Daga nan bikin ya samo asali, ya yi ta girma har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Mutane kan tsaya kallon dubban masu gora suna rugawa Matan Fada in an harba bindiga, da tseren jirage da kamun agwagwar ruwa na kabanci. Mu abin da muke so a lura da shi shi ne dalilin da ya sa ake samun giwan ruwa mai nauyin babban mutum a wurin. A 2005 wanda ya ci gasar kilo 75 ya kamo, a 2020 kuma kilo 78. Ba wani asiri ba ne. Matan Fada a rufe take duk shekara, sai awa guda ko makamancin haka ake buɗe ta. Wato dokar da kowane gari ke da ita a da, ita ce aka bar wa wuri ɗaya don baƙi su zo kallo. Ko can ɗin ma alamun ciwo sun bayyana. A 2006 ba a shiga ruwa ba saboda ƙarancinsa. A 2008 an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya bayan an gano kifin daga wani wuri aka kawo shi. Bayan na 2009 bikin ya tsaya cik, sai 2020 aka dawo da shi. In ruwan da sarki da gwamna ke gadi ya shiga wannan hali, ina ga tafkin ƙauye?

Abubuwan da suka karya tsarin ba rana ɗaya suka zo ba. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta mayar da Kwara wajen Yawuri ƙaton tafki, masunta suka kwararo daga ko'ina har daga Mali, kowa da irin kayan kamunsa, kuma ba su san wani Sarkin Ruwa ba. Farin 1973 da na 1984 suka busar da tafkunan da ba a taɓa ganin ƙasansu ba. Aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima ta biyo baya. Wani masani ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bi garuruwan da ke ƙasa da Bakolori bayan an datse ruwan, ya tarar ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, shinkafa ta ja baya, kamun kifi ya faɗi, masunta da yawa sun bar gida. Wani zai ce ai waɗannan madatsu ba a kan gulbinmu suke ba. Haka ne, amma kifin da ke hawowa Gindi da damina daga Gulbin Kabi yake fitowa, in uwar ta rame 'yar ba ta ƙiba.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɗora wa madatsa laifi duka ya yi mana sauƙi da yawa. Ba injiniyan Bakolori ne ya kawo kalli na roba mai ƙaramin ido ba, wanda ake shimfiɗawa a bar shi kwana da kwanaki. Ba shi ya koya wa mutane jan taru da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ba, abin da ke kwaso har kifin da bai kai ɗan yatsa ba. Ba shi ke jera gurar Mali a bakin mashigar fadama daidai lokacin da kifi ke shiga yin ƙwai ba. Balle masu zuba Gamalin a ruwa, su kashe na ci da na bari, su kawo kasuwa mu saya mu kai wa iyali. Gwamnatin tarayya ta yi dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa tun 1992, ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma ƙayyade idon koma. Dokar na nan a takarda. Wanda ke kwana a bakin ruwan, ya san kowane jirgi da mai shi, shi ne Sarkin Ruwa, shi kuwa tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya rage wa sarakuna iko ya zama mai rawani ba sanda. In ya kama mai laifi, iyakarsa ya kai ƙara, kafin ya dawo gida wani mai faɗa a ji ya sa baki an sake shi. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu magana, to yanzu mai komar ma ya san ba abin da za a yi masa.

Akwai kuma sabon mai neman rabo a ruwan, wanda kakanninmu ba su san shi ba: injin ban ruwa. Ba mai musun alherin da noman rani ya kawo mana. Albasar Aliero ta kai har ƙasashen maƙwabta, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kabi a ƙarshen 2015, fadamar da a da ake bar wa shanu da kifi ta koma gona. Amma tafkin da injuna ashirin ke zuƙa tun Janairu ba zai kai Afrilu da ruwan da za a yi su a cikinsa ba, maganin ciyawa da na ƙwari da ake fesawa kuma a nan yake tarewa. Sau da yawa mai injin da mai homar mutum ɗaya ne. Da hannun dama yake cika buhu, da na hagu yake rage abin da za a sa a miya. Shi ya sa a garin da ke bakin gulbi za ka ga uwargida na sayen kifin ƙanƙara da aka yo odarsa daga Turai, ko tarwaɗar da aka kiwata a kwandon siminti.

Amurkawan da muka fara da su, da taro ya yi musu yawa, sai suka koma ga lasisi, da ƙayyade girman kifin da za a ɗauka, da watannin da ba a taɓa wani irin kifi, da jami'in da ke yawo a jirgi yana duba abin da kowa ya kama. In aka cire takarda da kaki, aikin Sarkin Ruwa ke nan. Su sai da suka ƙirƙiro shi, mu kuwa gadonsa muka yi, sarautar na nan a garuruwanmu, masu ita na raye.

Abin da muke ganin zai yiwu ba babba ba ne. Kowace gunduma a Jega da Maiyama da Aliero ta zaɓi tafki ɗaya ko biyu, hakimi da Sarkin Ruwa da limamai da shugabannin manoman rani su zauna su amince a rufe daga janyewar ruwa zuwa bazara, a yi wa injuna iyakar inda za su tsaya, majalisar ƙaramar hukuma ta sa hannu don hukuncin ya sami gindin zama. A sanar a masallatan Juma'a, a sa ranar fashin ruwa kowa ya sani. Tarwaɗa da karfasa ba sa buƙatar shekaru goma, damina ɗaya zuwa biyu ta isa a ga bambanci a bakin homa.

'Yan uwa da ke garuruwan bakin gulbi, muna roƙon ku tambayi dattawanku sunayen tafkunan da ake rufewa a da, da watan da ake buɗe kowanne, da gidan da ke riƙe da sarautar ruwan, ku kawo mana nan mu haɗa su wuri ɗaya kafin zaman mako mai zuwa.